Tuƙi A Bazara: Taya, Lagireto Da Takardar Da Ba A Karantawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, idan ya sa ido a gefen kwalta zai ga baƙaƙen yagaggun robobi zube nan da can, wasu da wayoyinsu a waje. Ragowar tayoyin da suka fashe ne. Galibinsu na tireloli ne, waɗanda kan rasa ƙafa ɗaya cikin goma sha wani abu su ci gaba da tafiya. Amma a ciki akwai na Golf da Sharon da Homa, motocin da ƙafa huɗu kacal gare su. Idan ɗaya ta tashi ana gudun kilomita 120, sauran bayani sai a labaran yamma.

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, zafi a Sakkwato, Nguru, Maiduguri da Yola kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, kuma wannan awon iska ne a inuwa. Ita kwalta baƙa ce, tun hantsi take shan rana, kafin azahar zafinta yana iya wuce digiri 60. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya mamaye yankin Sahel ana cikin azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A kan irin wannan hanya ake ɗora motar da aka ƙera don mutum bakwai, a cusa mata goma sha ɗaya, a ɗaure buhunan masara a but, a bar murfin a ɗage, a ce Allah ya kai mu lafiya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,421 suka mutu a haɗurran mota a Najeriya a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Wanda aka yi wa sutura a ƙauye kafin la'asar ba lallai ya shiga lissafi ba. Gudun wuce kima ne ke kan gaba a dalilan da hukumar ke lissafawa duk shekara, sannan akwai fashewar taya, shanyewar birki, lodi da gajiya.

A ganina tushen matsalar ya fi rashin sani zurfi. Mai mota a wajenmu, na haya ko na gida, shingen bincike yake yi wa shiri. Tulun kashe gobara yana but, amma tun ranar da aka saye shi ba wanda ya duba ko akwai abu a ciki. Safaya tana nan, ba iska. Bel ana jawo shi ne idan an hango jami'an hanya ko 'yan KAROTA na Kano, a sake shi da an wuce. Takardar inshora kuwa tana cikin wata leda tare da sauran takardun mota, an biya kuɗinta, an san launinta, ba a taɓa karanta layi ɗaya a cikinta ba. Duk waɗannan suna gamsar da jami'i. Rana da kwalta ba sa duba takarda.

Taya

Abu uku ke kashe taya: tsufa, ƙarancin iska da nauyi. Zafi yana ƙara wa kowannensu ƙarfi.

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a tashoshinmu. Idan zafi ya tsananta, sai direba ya ce wa mai faci ya rage masa iska, wai kada taya ta kumbura ta fashe. Maganar tana da kama da gaskiya, domin iska tana buɗewa idan ta ji zafi. Sai dai masu ƙera taya sun riga sun yi wa wannan ƙarin tanadi. Abin da ba su yi wa tanadi ba shi ne tayar da iskarta ta yi ƙasa. Irin wannan taya, duk juyi ɗaya gefenta sai ya lanƙwashe ya miƙe, kuma a gudun kilomita 100 tayar ƙaramar mota kan juya kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Wannan lanƙwasa ce ke dafa robar daga ciki har ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita. Mai rage iska don gudun fashewa, fashewar yake kira.

Kishiyar wannan ma tana nan. Masu faci da yawa ba sa tambayar wace mota ce. 50 suke buga wa kowa, wasu ma ba ma'auni, sai su ƙwanƙwasa tayar da sifana su saurari ƙara. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, riƙonta ya ragu, kuma ba ta jure faɗa wa rami. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 yake, da ɗan ƙari idan an yi lodi. Lambar da ke jikin tayar ita kanta iyaka ce da ba a so a ƙetare. A riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa, domin awon tayar da ta sha tafiya ba ya faɗin gaskiya.

Sai maganar tsufa. Ka tsaya a gaban mai sayar da tayoyin Beljiyam ka ga yadda ciniki ke tafiya. An wanke tayar, an shafa mata abin da ya sa take ƙyalli. Mai saye zai tura yatsa cikin zanenta, ya ji zurfi, ya danna gefen da gwiwa, ya ce wannan ai sabuwa ce. Ba wanda ya juya ta ya nemi haruffan DOT. Idan ka same su, ka bi layin zuwa ƙarshe, za ka tarar da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko da ba a taɓa ɗora ta a mota ba, kuma alamar haka ita ce ƙananan tsagogi a gefe, irin na faso. FRSC ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanonin taya kan ba da wa'adin da ya fi haka, amma ba da ranar Nguru da ramukan hanyoyinmu suka yi lissafi ba, don haka ban ga laifin tsaurin hukumar ba.

Akwai wata alama da ta fi wannan haɗari, kuma 'yan kaɗan suka san ta: hoton dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a tsakiya. Wannan tayar hunturun Turai ce. An yi ta da roba mai laushi don ta kama hanya a sanyin da bai kai digiri 7 ba. Zanenta ya fi na tayar gama-gari zurfi da kyan gani, shi ya sa take saurin shiga ran mai saye. A kwaltar Afrilu kuwa nan da nan take cinyewa, birki kuma ya ƙara nisa. A jikin tayoyi da yawa za ka ga kalmar TEMPERATURE da harafin A, B ko C a gabanta. A ta fi jure zafi, C ita ce ta ƙarshe.

A hukumance an hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci Najeriya, amma kowa ya san suna cike da kasuwa. Har sababbin ma wasu 'yan kasuwa kan cusa uku ko huɗu cikin ɗaya don rage kuɗin kwantena, wayoyin su karye tun a teku, kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu. Ba zan ɗora wa direban haya laifin duka ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin sabuwar taya ya ninka, ga fetur, ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin ƙungiya. Amma wanda ba zai iya sayen sababbi huɗu ba, zai iya karanta lambobi huɗu kafin ya biya, wannan kyauta ne.

Idan kuma ta fashe ana cikin gudu, ƙafa birki take nema, kuma nan ake wuntsilawa. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari gam da hannu biyu, a miƙe mota, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a bar ta ta rage gudu da kanta, sai ta lafa a taɓa birki a gangara gefe. Direban da hannunsa ɗaya ke waje yana shan iska, ɗayan kuma da waya, ba shi da wannan dama.

Lagireto da sauransu

Inji ma yana da nasa ƙorafin. Yawancinmu ruwan rijiya ko na leda muke ɗura wa lagireto. Ruwa zalla yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin ciki, kuma ya fi saurin tafasa a kan ruwan kulan da aka haɗa don wannan aiki. Murfin lagireto ma ba murfi kawai ba ne. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, don haka murfin da robarsa ta mutu yana iya jawo asarar inji sukutum. Da yawa daga makanikai, da mota ta iso daga Kwatano, abin da suke fara yi shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce. Wannan yana ɓoye ciwo ne, yana ƙara shan mai, kuma ba ya wanke lagireton da ya toshe.

Idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe esi, a nemi wuri a tsaya, a kashe inji. Kada a buɗe murfin sai ya huce. Tururin da ke fitowa yana saɓule fatar fuska da hannu. Direban da ya ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, sau da yawa gasket yake ƙonawa.

Batir yana saurin mutuwa a zafi. Man birkin da ya tsufa yana shan ruwa, ya tafasa a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, feda ta tafi ƙasa ba komai. A irin wannan wuri da ƙaramar giya ake sauka. Jarkar fetur a but kuma, a rana irin wannan, ba ta buƙatar dogon bayani.

Abu ɗaya da ba zan wuce da sauri ba: yaro a cikin motar da aka rufe. Cikin minti goma zafin ciki yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa. A garuruwanmu abin ya fi faruwa da tsofaffin motocin da aka yasar a ƙofar gida ba kulle: yara su shiga wasa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, a yi ta cigiya a unguwa har dare. Duk motar da ke ajiye, a kulle ta.

Mai riƙe da sitiyari

Dabarar iyayenmu a bazara ita ce sammako ko tafiyar dare. Rashin tsaro ya ƙwace mana ita a hanyoyi da dama. Wanda zai bi Birnin Gwari, ko Funtuwa zuwa Gusau, ba ya fita sai gari ya waye sosai, kuma yana so ya isa kafin magariba. Shekaru da dama sojoji kan rufe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da yamma, don haka direban da ya taso daga Kano yana tsere ne da agogo, kada ya kwana a bakin shinge da fasinja. Sakamakon shi ne kowa yana kan hanya a sa'o'in da suka fi zafi, kuma kowa yana sauri.

Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana jikin mutum yana neman barci ko da ya ƙoshi da shi jiya. Ƙara masa ƙishirwa, da daren da aka kwana ana fifita saboda ba wuta, da azumi, wanda a 2023 da 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, a 2025 kuma cikin Maris. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun kilomita 100 tafiyar sama da mita 80 ce ido a rufe. Goro da lemon ƙara kuzari suna jinkirta barci, ba sa biyan bashinsa. Tiramadol da wasu ke sha don su jure, ita kanta tana kawo gyangyaɗi, kuma idan ta yi yawa tana jawo farfaɗiya. Maganin barci shi ne a gangara ƙarƙashin bishiya a yi shi, ko na minti ashirin ne.

Ranar 31 ga Mayun 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kusa da Dakatsalle, a hanyar Zariya zuwa Kano. Sama da mutum 20 suka rasu, kusan a ƙofar gida. FRSC ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiya. Ba a kan rami aka yi ba. Sashen Zariya zuwa Kano yana cikin waɗanda aka gyara, kuma santsin sabuwar kwalta yana jan ƙafa zuwa totur. Ƙa'ida a babban titi mai hannu biyu ita ce kilomita 100 ga motar gida, 90 ga tasi da bas, 60 ga tanka da tirela. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Duk wanda ya shiga Homa daga Abuja zai iya faɗin inda aka kwana.

Takardar cikin leda

To, an yi iya yi, tsautsayi ya auku. Nan ne ya kamata inshora ta yi magana, kuma nan ne mutane da yawa ke fara jin cewa abin da suka saya ba shi ne suke zato ba.

Inshorar dole a Najeriya ita ce ta ɓangare na uku, kuma dokarta ta samo asali tun 1945, zamanin Turawa. Kai ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, na uku shi ne wanda ka buge: mai babur, mai tafiya a ƙasa, mai motar da ka daka ta baya, mai shagon da ka rusa. Ba ta gyara taka motar, ba ta biyan naka asibitin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dakon kaya 100,000 ce da iyakar miliyan 5, adaidaita sahu 5,000 da miliyan 2, babur 3,000 da miliyan 1. Diyyar rauni da rai ba ta cikin wannan iyaka, lissafinta daban ne. An yi ta surutu a kan ƙarin kuɗin, an manta da ƙarin diyyar. Naira 15,000 ba ta cika rabin tankin Corolla ba, alhali fitilar gaba ɗaya ta wata babbar jif ta fi albashin wata na ma'aikata da yawa.

Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta wannan inshora a duk faɗin ƙasa. Jama'a suka ruga suka saya, wanda abu ne mai kyau, sai dai an sake tabbatar musu da cewa takardar shinge ce. Kuma da yawa daga abin da ke cikin ledojin nan jabu ne. Mutum ya ba ɗan kamashon da ke zaune a bakin ofishin lasin kuɗi dunƙule, ya kawo masa takardu a haɗe, ciki har da wata mai tambarin kamfanin da ko babu shi, ko bai san da zaman motar ba. Gane wannan ba ya ɗaukar minti biyu. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake kira NIID. A shiga shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a waya, a sa lambar mota. Idan ba ta fito ba, takarda kawai ka saya.

Mai son a gyara tasa motar sai ya hau zuwa cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. Motar miliyan 10 ke nan 500,000 a shekara. A tsakani akwai wadda ta haɗa ɓangare na uku da gobara da sata, wadda ta fi sauƙi, kuma ta dace da lokacin da wayoyin mota ke narkewa.

Ga inda zafi da inshora suka haɗu, kuma nan ne ake yawan rigima. Ko cikakkiyar inshora ba ta biyan lalacewar inji. Idan ruwa ya ƙare a lagireto, gasket ya ƙone, inji ya buga, kamfani zai ce wannan rashin kula ne da tsufan kaya. Tayar da ta fashe ita kaɗai ma ba a biya, sai idan motar ta lalace tare da ita. Kuma a cikin sharuɗɗan akwai wanda ya wajabta wa mai mota ya kula da lafiyarta. Jami'in da kamfani zai turo duba ɓarna ya san inda lambobin DOT suke, ya san suɗaɗɗiyar taya, ya kuma iya ƙirga kujeru. Motar mutum biyar da aka tarar ta ɗauki tara, ko motar gida da aka yi kabu-kabu da ita a hanyar zuwa Sallah, ko wadda aka bai wa yaron gida marar lasin, duk ƙofofi ne da kamfani zai bi ya fita. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas ya sanar da kamfaninsa a rubuce. Wanda kuma ya rubuta darajar motarsa tun kafin faɗuwar naira ya sabunta, domin abin da ya rubuta shi za a ba shi.

Me ya sa ake gudun ta

Dalili biyu ne, kuma duka ba na banza ba ne. Na farko rashin yarda: kowa ya san wani da ya yi ta zarya a ofishin inshora har ya gaji. Na biyu addini. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Wannan ta biyun ita ce takaful, wadda kamfaninta na farko a wannan zamani aka kafa shi a Sudan a 1979. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani ya ɗauki ladan kula, ba a juya kuɗin a harkar riba, idan an samu rara kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanoni irin su Noor, Jaiz da Salam, masu sayar da ta ɓangare na uku da cikakkiya, takardarsu kuma tana wucewa a kowane shinge.

Tunanin ba baƙo ba ne. Duk wanda ya karanta fiƙihu a zaure ya san cewa diyyar kisan kuskure ba a kan mai laifin shi kaɗai take ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗa ta. Direbobin tasha ma suna karo-karo idan ɗan'uwa ya yi haɗari. Abin da ya canza shi ne dangi sun watse a birane, motoci sun yi tsada, kuma karo-karon tasha ba ya biyan ƙafar da aka yanke.

Ranar da abin ya faru

Ka duba yadda muke yi. Mota ta daki mai adaidaita sahu a mahaɗa. Kafin ƙura ta lafa an taru. Wani ya ce, Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne. Wani ya ce, tunda ba a rasa rai ba ai sai godiya. A matsar da motocin don a buɗe hanya, a ɗunguma wajen fanel bita, ya yi kuɗi, a ja, wani dattijo ya raba, mai mota ya zaro abin da ke aljihunsa, a yi musabaha. Ba wanda ya ambaci inshora, alhali wataƙila duka biyun suna da ita. Sulhu alheri ne, ban musa ba. Amma na lura wanda ake roƙo ya yi haƙuri galibi shi ne marar ƙarfi. Mai adaidaitan zai yi mako biyu ba aiki, balas yana taruwa, kafaɗa tana ciwo, ya karɓi abin da bai kai rabin gyara ba don kada a ce ya cika rigima. Haƙƙin da doka ta tanadar masa ya tafi a musabaha.

Ba sai an yi faɗa ba. A fara da rai: a kira 122 na FRSC ko 112, a kai mai rauni asibiti, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Sannan, kafin a matsar da komai, a ɗauki hotuna da waya: lambobin motocin, inda kowace ta tsaya, sawun birki, takardar inshorar ɗayan. A karɓi lambar shaida ɗaya ko biyu. A sanar da 'yan sanda, musamman idan akwai rauni, domin kamfani zai nemi rahotonsu. A kira kamfanin a ranar, kada a kai mota gyara sai sun gani. Sharuɗɗan sun kuma hana mai inshora amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da izinin kamfani ba. Wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, amma sannu da jajantawa da raka mutum asibiti ba su ne amsa laifi ba. Rubuta takardar cewa ni zan biya komai ita ce matsala. Idan kamfani ya ja ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma wasiƙar da aka kai can da hotuna da lambar takarda tana motsa fayil.

Masu ƙetare iyaka suna da ƙarin takarda. Katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, shi ke ɗaukar ɓangare na uku a ƙasashen yankin, kuma tun 2023 an haɗa shi cikin kuɗin inshorar Najeriya. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Ƙonni ta Illela ya tambayi kamfaninsa a rubuce kafin ya tashi. Kamaru da Chadi nasu katin daban ne, na ƙungiyar CEMAC.

Bazara kan ƙare da hadari, kuma ruwan farko yana da nasa tarkon. Ƙura da man da suka taru a kwalta wata shida suna haɗuwa da yayyafi su zama santsi, robar waifa kuma rana ta riga ta busar da ita, sai ta shafa laka a gilashi. Bayan haka sai ambaliya. Motocin da ruwa ya shanye a Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, sun koya wa masu su cewa cikakkiyar inshora ba kullum take haɗawa da ambaliya ba. A wasu kamfanonin sharaɗi ne da ake ƙarawa da kuɗi daban. Mai ajiye mota a unguwar da ruwa ke kwanciya ya zaro takardarsa daga leda tun a Afrilu ya nemi wannan layin, idan babu ya sa a ƙara masa kafin Yuni.